Ƙasa da Ɗari Biyar

Rana ta riga ta karkata sa'ad da Fundi Shomari, wato mai gyara Shomari a bakin mutanen wajen, ya sauka daga jirgin fito a Bweni, akwatin kayan aiki a hannu ɗaya, injin zuƙe iska a ɗayan. Tukunyar iskar naitirojin kuwa mai babur ne ya ɗauro masa ita. Aiki na uku ke nan a ranar. Tun asuba yake tsugune, gwiwoyinsa har sun gaji da yi masa ƙorafi. Shekarunsa hamsin da takwas, talatin da biyar daga ciki a bayan firjin mutane suka ƙare.

Bi Tatu tana tsaye a ƙofar ɗakin sanyinta, hannu a ƙugu. Ita ke ajiye wa matan unguwa kifi da jatan lande kafin motar Tanga ta zo ɗauka. Injin ya tsaya tun jiya. Ƙanƙarar da ta lulluɓe kifin da ita ta fara zama ruwa, tana bin ƙarƙashin ƙofa.

"Sannu da zuwa, ango," in ji ta. "Na ce ko sai an aika maka da makaɗa."

"Bi Tatu, bari in ajiye kaya tukuna."

"Ajiye mana. Kifin mata goma sha huɗu ne a ciki. In ya kwana a haka, gobe kai za ka tsaya ka yi musu bayani. Ni gona zan gudu."

Ya ajiye kayan ya wuce. Wanda ya san Bi Tatu ya san amsa ƙara mata ƙarfi take yi.

Ginin tsohon sito ne na dutsen teku, ya girmi kakan kowa a garin. Injin yana can baya, cikin wani ɗan ɗaki mai ƙofa ɗaya, babu taga, sai ramin iska da bai fi tafin hannu ba. Ƙofar tana kallon kogi. Ciki warin man inji, ƙarnin kifi, da taɓon bakin ruwa.

Bai sha wuyar gano ciwon ba. Bututun jan ƙarfe ne ya tsage a gwiwa, gas ya tsiyaye. Ya yanke, ya yi walda, ya ɗura naitirojin ya gwada, ɗinkin ya riƙe. Ya saki iskar, ya bar tiyon tukunyar a maƙale kamar yadda hannunsa ya saba. Saura babban aikin.

Ba a ɗura wa inji sabon gas sai an zuƙe duk iska da danshin da ke cikin bututunsa. In ka bar ko kaɗan, wata biyu kwamfuresa ta ƙone. Ido kuma ba ya ganin iska, shi ya sa ake ɗaura geji, wani ɗan abu kamar wayar hannu mai nuna lamba. Lambar tana farawa daga dubbai tana sauka. In ta faɗo ƙasa da ɗari biyar, sai ka rufe bawul, ka kashe injin zuƙa, ka zauna kwatan awa guda kana kallo. In ta hau ta tsaya, da sauran danshi. In ta hau ba tsayawa, akwai yoyo. In ta zauna daram, ka gama. Uku ke nan. Babu na huɗu.

Yana laluben inda zai ɗaura gejin ne hannunsa ya taɓa wani ɗan gwangwani da aka ɗaure wa bututun da waya. Ya goge tsatsar da babban yatsa. An kankare rubutu da ƙusa: A CIKA KAFIN MAGARIBA.

Ya san hannun. Marigayi Fundi Kibwana ne, maigidansa da ya koya masa aiki, shi ya kafa injin nan. Tsohon yana da doka ɗaya da ba ya karyawa: ba ya barin bututu fanko rana ta faɗi a kansa. Ko aiki ya kai ina, da ya ga inuwa ta yi tsawo zai buɗe naitirojin ya cika, ya ce gobe ma rana ce. Da Shomari yana saurayi ya tambaye shi dalili, sai ya ce, "Uwarka tana barin tukunya a buɗe da magariba? To wannan tukunyar ta fi tata zama fanko. Tata ko ba komai akwai iska a ciki." Samarin shago suka yi ta dariya a bayan idonsa, suna cewa tsoho dai shayin yamma yake wa sauri. Amma Shomari ya riƙe dokar shekara talatin da biyar, ba don ya yarda ba, don hannu ya saba.

Ya leƙa waje. Rana tana saman itatuwan kwakwa, saura kaɗan ta taɓa su.

"Bi Tatu, mu bar zuƙar nan sai da safe."

"Me ka ce?"

"Lokaci ya ƙure. Zuƙa kaɗai za ta ci fiye da awa."

"To ta ci mana. Kai ake zuƙa?" Ta matso. "Shomari, dubi ruwan nan da ke bin ƙafarka. Wannan ƙanƙarar ba za ta ga asuba ba. Ko tsoron duhu ka fara da furfura a kai?"

Ba gorin ne ya kayar da shi ba, kada wani ya ce. Gajiya ce. Ya tuna jirgin fito, ya tuna sake ɗauko kayan nan gobe, ya tuna matan goma sha huɗu da bakunansu. Ya duba gwangwanin, ya juya rubutun ya kalli bango.

"Allah ya jiƙanka, Fundi," ya ce a hankali. "Yau ɗaya."

Ya ɗaura geji, ya kunna injin zuƙa.

Injin ya fara da kururuwa, yana fesar da hayaƙin mai, sannan muryarsa ta kwanta ta koma tut-tut-tut. Shomari ya zauna a kan akwati, ya jingina da bango. Dubu ashirin. Dubu tara. Bi Tatu ta kawo masa shayi a kofi, ta ajiye, ta ɗora faranti a kai.

"Bari in je in kora jikoki ciki, in rufe tukwane," ta ce. Ita da ba ta barin ko ludayi a buɗe a wannan lokaci. Ta ja ƙofar ta bar ta a sakaye, takunta ya yi nisa.

Dubu biyu. Hasken ramin iska ya koma ja. Ya kunna tocila ya kafa ta a ƙasa.

Dubu ɗaya da ɗari biyu. Jirgin fito ya yi ƙaho a tsakiyar kogi. Jemagu sun fara fita daga rufin.

Ɗari bakwai. Ɗari shida. Ya ɗan yi gyangyaɗi, ya farka.

Ɗari huɗu da tamanin.

Ya miƙa hannu ya rufe bawul, ya kashe injin. A daidai nan ladanin Bweni ya ɗaga murya, na Pangani ya amsa daga ƙetare. Shomari ya duba agogo. Kwata guda kawai, ya ɗura gas, ya yi salla, ya kama hanya.

Ɗari huɗu da tamanin. Ta zauna. Ya ji daɗi.

Ɗari huɗu da sittin.

Ya murza ido. Ya taɓa injin zuƙa, a kashe yake, yana hucewa. Ya taɓa bawul, a rufe gam.

Ɗari huɗu da goma.

Ya ƙwanƙwasa gejin da farce. Batir ne, ya ce a ransa, alhali jiya ya sa sabo. Lamba ba ta sauka in babu mai zuƙa. Wannan ko ɗan koyo ya sani.

Ɗari uku da hamsin.

Sai ya lura ƙarnin kifin ya tafi. Warin mai ma ya tafi. Wani ƙamshi ne ya maye gurbinsu, na turaren wuta mai nauyi, irin na ɗakin amarya da aka daɗe ba a buɗe ba.

Bututun ya yi ƙara. Tik. Can ciki, wajen bango. Tik. Kusa. Raɓa ta feso a jikin jan ƙarfen, tana tahowa a hankali, taku bayan taku, har ta iso inda ya yi walda. Ta tsaya.

Ɗari uku. Ɗari uku da ashirin. Ɗari biyu da tamanin. Ɗari uku.

Tana hawa kaɗan, tana sauka da yawa. Ya daɗe yana kallo kafin ya gane inda ya san wannan tafiyar. Ƙirjin mai barci ne.

Ƙofa ta motsa. Ba bugowa ta yi ba, jawo ta aka yi daga ciki, sannu a hankali, har ta rufe gam. Kunnuwansa suka toshe kamar ya nutse a kogi.

"Bi Tatu," ya ce. Muryar ta fito siririya, ta faɗi a gabansa.

Kiran salla bai ƙare ba, amma ya koma can nesa, kamar daga wani gari.

Sai aka yi magana a cikin bututun. Raɗa ce, ba ta mace ba, ba ta namiji ba.

"Wa ya share ɗakin nan?"

Shomari bai motsa ba.

"An share shi tas. An daɗe ba a share mana ba."

Ɗari biyu.

"Ina tsohon? Shi kullum sai ya cika."

Ya buɗe baki zai yi A'uzu. Iskar da ya tara ta fice kafin harafin farko. Ba shi ya fitar da ita ba. Ya ji tana bin maƙogwaronsa kamar ana jan zare.

"Da saura," in ji raɗar. "Da saura kaɗan. Tana wajenka."

Ɗari da hamsin.

Ya ja numfashi. Babu. Ya sake ja. Haƙarƙarinsa suka matse. Farantin da ke kan kofi ya fara rawa, shayin da ya huce tuni yana tafasa a ƙarƙashinsa, babu wuta, babu ƙara.

Ya faɗa kan ƙofa. Kamar ya tura dutse.

Ɗari.

Ya zube. Tocila ta gangara, haskenta ya faɗa kan gwangwanin. Gwangwanin ya juyo da kansa. Rubutun yana kallonsa.

A cika.

Tukunyar naitirojin tana can lungu, taku uku. Tiyonta a maƙale.

Ya ja ciki. Gwiwar da ta ƙi shi tun safe ita ta tura shi.

Tamanin.

Gefen idanunsa ya yi baƙi. Hancinsa ya ɓalle da jini, bai ji ɗuminsa ba.

"Kwanta," aka ce, kusa da kunnensa na hagu. "Ai ka gaji."

Gaskiya aka faɗa. Abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Ya so ya kwanta.

Sittin.

Hannunsa ya sami kan tukunya. Ya murɗa. Ya lalubi bawul ɗin da ke tsakani. Yatsun ba sa ji.

Baki babu iska, sai zuciya ta yi Bisimilla.

Ya buɗe.

Naitirojin ta shiga bututun da ihu. Jan ƙarfen ya girgiza tun daga inji har cikin bango, wani abu ya bi ta ciki a guje yana dukan kowace gwiwa. Lambobin geji suka haukace suka ɓace. Ƙofa ta wangale da kanta, iskar kogi ta faɗo ciki, da taɓonta da ƙarninta da kukan kwaɗi. Bai taɓa jin ƙamshi kamar wannan warin ba.

A bakin ƙofa Bi Tatu ta same shi, rabin jikinsa a waje, yana haɗiyar iska kamar kifin da aka jefa kan yashi. Ta ce tun ɗazu take dukan ƙofar da taɓarya. Shi bai ji ko ɗaya ba.

Ta haska fuskarsa, ta haska cikin ɗakin, ta shaƙi abin da ya rage na turaren. Ta ja da baya.

"Kifin," in ji shi, da kyar.

"Bar kifin," ta ce da raɗa. "Tashi mu bar nan."

Washegari da hantsi ya dawo ya sake zuƙar, ƙofa a buɗe an tokare ta da dutse, Bi Tatu tana zaune a bakinta da carbi. Lambar ta sauka ɗari huɗu da casa'in ta zauna daram, kamar ba ita ba. Ya ɗura gas, ɗaki ya ɗauki sanyi. Rabin kifin ya riga ya tafi. Matan suka zo da bakunansu, Bi Tatu ta tare su a ƙofa ta ce ita ta hana a yi aikin da dare, mai magana ta yi da ita. Babu wadda ta yi.

Likita a Tanga ya duba ƙirjin Shomari ya ce bai ga komai ba. Amma kunnen hagu bai sake ji ba, numfashin kuma bai dawo duka ba. Ba ya iya hure ashana. Shayi sai dai ya ajiye ya huce don kansa. In zai ja doguwar aya a salla, sai ya yanka ta uku.

Har yanzu yana aiki, don ciki ba ya jiran kowa. Sai dai da la'asar sakaliya yake naɗe tiyo, ko injin waye, ko me ke ruɓewa a ciki. Kuma duk bututun da ya taɓa daga Pangani har Tanga, in ka laluba bayansa za ka ji ɗan gwangwani ɗaure da waya. Masu gyara na yanzu suna karantawa suna dariya, suna cewa tsoho shayin yamma yake wa sauri.

Ba ya musu da su. Ba shi da iskar da zai ɓatar.