Jajaye Uku a Jere

Hantsi ya dubi ludayi, Ramlat da mahaifiyarta Inna Hure suna zaune a gindin rumbu suna tsintar wake. Fari gefe, ja gefe, mai huda a zuba wa awaki, don 'yan kasuwar Dawanau ba sa sayen gauraye da daraja. Ramlat tana tsinta tana murmushi ita kaɗai. Iyayen Mika'ilu, ɗan Malam Fatihu na ƙauyen bayan rafi, sun kawo kayan na-gani-ina-so, sa rana kawai ya rage.

Sai ga sallamar Baffa Nababa, ƙanin mahaifinta. Shi ne waliyyinta, shi kuma aka ɗora wa binciken halin yaron kamar yadda aka saba. Ko tabarmar da Ramlat ta shimfiɗa masa bai kalla ba.

"Yaya Hure, a fito da kayan mutanen nan. Gobe zan mayar musu."

Faifan ya suɓuce daga hannun Ramlat, fari da ja suka sake gauraya a ƙasa.

"Subhanallahi! Lafiya, Nababa?" in ji Inna.

"Ina lafiya! Caca yaron yake yi. Da idona na gan shi a tashar Gezawa, ya sauke buhunansa ya samu inuwa ya duƙufa a kan waya. Na tsaya a bayansa bai ma sani ba. Wasu duwatsu ne ja da kore da shuɗi, yana jera su suna fashewa, tsabar zinare tana zubowa — ƙililin! ƙililin!"

"Baffa, wallahi gem ne kawai, wasan waya," Ramlat ta ce. "A intanet ake buɗe shi, ko saukewa ba a yi. Ka jera kala ɗaya guda uku su ɓace, shi ke nan. Zinaren nan hoto ne, ba ya—"

"Rufe min baki! Haka Muntaka ya ce min."

Muntaka ɗan Baffa ne na fari. Cacar waya ta sa ya kwashe geron rumbun ubansa ya sayar, ya gudu kudu, har yau ba a ji ɗuriyarsa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

"Na tambayi Mika'ilu abin da ƙato mai neman aure yake yi da wannan abu," Baffa ya ci gaba, "sai ya sunkuyar da kai ya ce ba zai iya faɗa ba. Mai gaskiya yana ɓoye dalili?"

Bayan ya fita, Ramlat ta faɗa jikin Inna tana kuka. Mahaifinta da ya dawo daga gona ya ji bayani, ya ce magana tana hannun Nababa, ba zai tsallake ƙaninsa ba.

Da la'asar ta nemi izinin Inna ta kira Mika'ilu.

"Don Allah ka gaya wa Baffa dalili. Za a mayar da kaya fa!"

"Ramlat, na rantse ba caca ba ce. Amma sirrin ba nawa ba ne, alkawari na ɗauka."

"Ko da za ka rasa ni?"

"Ki yi min addu'a kawai," ya ce.

Ta ajiye wayar, zuciyarta na tafasa. Ƙawayenta da suka ji labari suka ce ta yi yajin cin abinci har Baffa ya sauko. Ba ta yi ba. Ta koma gindin rumbu ta tsince waken da ya zube ƙwaya-ƙwaya, tana tunani. Mutumin da tun da ubansa ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki shi ke nome gonar gidansu, shi ke yi masa wanka, ina ya ga sukunin caca? Ita kuwa ba ta da halin zuwa ta gani, domin budurwa ba ta taka gidan surukai.

Washegari Baffa ya ɗaure kayan a bayan babur. Ramlat ta fito zaure ta durƙusa har ƙasa.

"Baffa, duk abin da ka yanke na bi. Alfarma ɗaya nake roƙo. Kada ka miƙa kayan daga ƙofar gida. Ka fara shiga ka duba Malam Fatihu, haƙƙin mara lafiya ne."

"Wannan kam kin yi gaskiya," ya ce, ya tayar da babur.

Yinin nan Ramlat ba ta san yadda ya wuce ba. Ta daka, ta ɗebo ruwa, kunnenta na ƙofa. Sai bayan azahar ta ji ƙarar babur. Ta leƙa ta katangar kara, sai ga kayan suna nan a ɗaure!

Baffa ya shigo, wannan karon ya zauna a tabarma, ya cire hula ya riƙe.

"Yaya Hure, na kusa ɗaukar alhaki. Na samu Malam a jingine da bango, Mika'ilu ya tallafo hannunsa na dama, wanda ya shanye, ga wayar a cinyarsa. Da Malam ya gan ni ya so ɓoyewa, hannun bai bi shi ba. Sai ya ce, 'Nababa, ka kama ni. Ni da na karantar da garin nan, ga ni ina wasan yara.'"

Ya goge ido da bakin riga.

"Ashe likita ne ya ce Malam ya riƙa motsa yatsu da wasan. Kunya ta sa ya ɗauki alkawarin ɗansa kada kowa ya ji, kada ɗalibansa su raina shi. In wani mataki ya gagare shi ransa ya ɓaci ya ƙi cin abinci, shi ya sa yaron yake koyon matakin a tasha, in ya dawo ya nuna masa hanya. Bai ma gaya wa uban cewa za a fasa auren ba. A gabana Malam ya ja yatsansa — yana rawa, yana rawa — har ya jera jajaye uku. Ya ce min da yatsan nan yake fatan sake jan carbi."

Inna ta ce, "Allahu Akbar!" Ramlat kuwa hawaye ne kawai ke zuba, ba ta ko share su ba.

"Duk da haka na ja wa Mika'ilu kunne," in ji Baffa. "Ya daina yi a bainar jama'a, wanda ya tsaya a wurin zargi kada ya ga laifin mai zarginsa. Malam kuma ya ce in faɗa wa gidan nan gaskiya, ba zai sayi mutuncinsa da auren ɗansa ba. Ke kuma, 'yata, da kin yi min tsiwa ɗazu da safe, da daga ƙofa zan miƙa kayan nan in juyo."

Bayan girbin dawa aka ɗaura aure. Da aka shafa fatiha, mutane suka ga Malam Fatihu ya ɗaga hannuwansa biyu zuwa fuska, na daman yana biye da na hagu a hankali.

Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wanda aka gina a kan leƙe ta bayan kafaɗa. Mai bincike ya shiga har cikin gida kafin ya yanke hukunci. Yarinya kuma ta sani, abin da kuka da yaji ba za su karɓo mata a wurin iyaye ba, ladabi da haƙuri suna karɓowa.