Tatsuniya da Tsakar Rana a Dangora

Ranar kasuwar Dangora ce, shekara biyu bayan an buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a gidan dagaci. Turai ta kai wa innarta daddawa rumfa, tana komowa ta ji wani yana karanta labari a gindin tsamiya. Tela ne, ya ɗage ƙafa daga keken ɗinki, ya buɗe ɗan littafi mai jan bango, maza bakwai ko takwas sun kewaye shi kamar mai rabon goro.

Ta san littafin, sau uku ta karance shi a aji. Labarin wata mata ce da mijinta ya rasu ya bar ta da yara da gona, 'yan'uwansa suka taso za su karɓe gonar. Turai ta tsaya da niyyar jin layi biyu ta wuce, amma bakinta bai taɓa iya ajiye gyara ba.

"Malam, ka tsallake shafi."

Mazan suka waiwayo gaba ɗaya, don budurwa ba ta tsoma baki a zaman maza. Telan ya dube ta, ya lashi yatsa ya murza takardar, sai ga shafi biyu manne da juna.

"Wallahi kuwa," ya ce. "Wata biyu ina karanta shi, ban san matar nan ta je gaban alƙali ba."

"Ai nan ne daɗin littafin," ta ce, ta yi gaba abinta.

Mudi sunansa, daga Ba'awa yake ɗauro kekensa a kan jaki duk ranar kasuwa. Da kasuwa ta zagayo, sai ga Turai da zanen innarta wai a kama masa baki, zanen da ba abin da ya same shi.

"Me kika gani a littafin nan?" ya tambaye ta.

"Matar ta ce a'a, kuma ta wayi gari lafiya. Ni da na ɗauka duk macen da ta ce a'a, ƙasa ce za ta tsage da ita. Kai fa, wanne ne naka?"

Ya ciro wani, na fatake masu tafiya da jakuna. "Ni ban taɓa wuce Tudun Wada ba. Amma in na buɗe wannan, ƙafata na kan keke, ni kuwa ina can bakin wani kogi ana sauke kaya."

Suka fara musayar littattafai, kuma ba a daɗe ba littattafan suka fara ɗaukar fasinja, wato 'yan wasiƙu a tsakanin shafuka.

"Malamata, yanzu kowane shafi sai na murza shi, ko akwai alherin da ya ɓuya a baya. Ina jiran ranar kasuwa kamar mai azumi. Ɗalibinki, Mudi."

Ta mayar masa: "Ɗalibina, fatakenka sun cika surutu, amma na raka su har gida saboda kai. Ka rage zaƙin baki, ka turo magabatanka."

Ita kam ta kamu, kuma ba ta ɓoye wa kanta ba.

Akwai wani Sale, ɗan maƙwabcinsu, shekara biyu yana zuwa zance da rake da gaisuwa, bai taɓa ƙara kalma ta uku ba. Da ya ga abin na neman wuce shi, bakinsa ya buɗe, amma a kunnen mahaifinta, Malam Ɗanasabe, ya kai masa labarin telan da karatunsa na kasuwa.

Malam Ɗanasabe ba mai faɗa ba ne, sai dai in ya kafe ya kafe. Ya kira ta zaure.

"Ban hana ki boko ba, ban kuma ce sai Sale ba. Amma tun muna yara muka san mai tatsuniya da rana ɓata yake yi. Ƙato da gemunsa, rana tsaka, a bainar kasuwa. Mutumin da zai ɓata a hanya, ina zai kai min 'ya? In yana so, ya daina."

Maganar ta isa Ba'awa. Ranar kasuwa gindin tsamiya shiru, sai ƙarar keke. A cikin littafin da ya miƙo mata ta sami wannan: "Malamata, na daina. Littafi bai kai ki ba."

Da wata ce sai ta ji daɗi. Turai kuwa ranta ya ɓaci, har fensir ya huda takarda.

"In ka daina, kada ka zo. Mai karatun na gani na so, ba keken ba. Teloli sun yi yawa a ƙasar Kiru."

Kasuwa ta gaba muryarsa har rumfar mahauta ake jin ta.

Innarta ta yi ta lallashi har Malam Ɗanasabe ya yarda magabatan Mudi su zo ranar Alhamis, ya dai ji ta bakinsu. Aka share zaure, aka shimfiɗa tabarma, aka dama fura. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce, babu kowa. Washegari labari ya iso. Ruwan da aka yi ya cika rafi, Mudi ya ce ya san wata hanya, ya shige da kawunnansa biyu cikin dawa wadda ta fi tsayin mutum, ba su ɓulla ko'ina ba sai wata ruga wajen Ɗansoshiya. Fulani suka ba su nono, suka nuna musu hanyar gida.

Dangora ta yi dariya har ta gaji. Sale ya sayi sabuwar hula. Malam Ɗanasabe bai yi dariya ba, kallon 'yarsa kawai ya yi ya ce, "Kin gani." Wannan ya fi dariyar ciwo. Ta shiga ɗaki ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta ɗauko littafin mai jan bango.

Ranar Asabar aka yi gayyar huɗa a gonar mahaifinta. Da rana ta take, maza suka ajiye garemani suka zube a inuwar ɗorawa, mata suka kawo tuwo. Turai ta sauke ƙwarya, maimakon ta koma gefe sai ta zauna, ta zaro littafin daga zanenta.

"Turai," in ji mahaifinta.

"Baba, ka yi haƙuri, ka bar ni in karanta. In na gama zan koma gida ni kaɗai. In na ɓata tsakanin gonarka da ƙofar gidanka, na haƙura da Mudi har abada."

Wani ya yi dariya, wani ya yi salati. Ta buɗe littafin ta fara. Ta karanta rasuwar mijin, da zuwan 'yan'uwansa da igiyar awon gona, da yadda matar ta goya ƙaramin ta ja hannun babban har gaban alƙali. Suka ce mace ba ta iya riƙe gona. Matar ta buɗe tafin hannunta ta ce, Allah gafarta Malam, a duba kantar nan, a duba tasu.

Nan Turai ta rufe littafin. Babu mai tauna tuwo a wurin.

"Sai alƙali ya ce me?" in ji Malam Ɗanasabe.

"Rana ce fa, Baba."

"A gonar uwata zan ɓata? Karanta."

Ta karanta har ƙarshe. Malam Ɗanasabe ya dubi kunyoyin da aka huɗe.

"Wannan ba tatsuniya ba ce," ya ce a hankali. "Haka uwata Asibi ta yi a kan gonar nan da kuke zaune. Shekarata shida, ni ne wanda aka ja wa hannu. Wa ya gaya wa mai littafin?"

Turai ba ta taɓa jin wannan ba, sunan kakarta kawai ta sani. Idonta ya ciko.

"Ba wanda ya gaya masa, Baba."

Ya goge fuska da hannun riga, ya juya wajen ƙanensa Ɗantani. "A aika Ba'awa su dawo. Kai kuma ka tsaya musu a bakin rafi, ka riƙo hannun telan nan har zaure."

Bayan an shigar da amfanin gona aka ɗaura aure. Mudi ya zo cikin rigar da ya ɗinka wa kansa, Ɗantani na biye da shi wai kada a kuma. Da za a kai amarya, aka shigar da Turai wajen mahaifinta, lulluɓe, tana kuka kamar ba ita ce ta tsare gayya guda da littafi ba.

Bai yi doguwar nasiha ba. Ya ɗaga buzunsa ya ciro sabon littafin rubutu da fensir, ya sa mata a hannu.

"Ki rubuta na Asibi, da sunanta. Ni zan riƙa zuwa Ba'awa ina gaya miki, ke ki rubuta, mijinki ya karanta wa mutane. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai jin magana fiye da uwarsu."

Mata suka kwashe da dariya, Turai ta rungume littafin a ƙirji.

"Yaushe za ka fara zuwa, Baba?"

"Jibi," ya ce. "Da rana."