Ɓeraye Goma Sha Huɗu

Ƙarfe takwas da rabi na safiyar Alhamis aka kira Insifekta Musaddiq, aka ce an yi sata a gidan Farfesa Bamalli. Ko shayinsa bai tsaya ƙarasawa ba.

A Suleja kowa ya san Farfesa. Shekara talatin ya yi a jami'a yana binciken zuciya da jijiyoyin jini kafin ya yi ritaya ya dawo gida. Musaddiq yana sakandare Farfesa ya taɓa zuwa makarantarsu ya yi jawabi, ranar ya koma gida yana ce wa mahaifiyarsa shi ma likita zai zama.

Ya iske dattijon zaune a ɗakin karatunsa, gilashin taga a fashe.

"Me aka ɗauka, ranka ya daɗe?"

"Littafi guda, na ɗakin gwaji. Goma sha biyu ne, an ɗauke na bakwai. Jiya bayan la'asar na tafi ta'aziyya, Hajiya kuma tana Garam wajen suna."

Musaddiq ya dubi kwamfuta da agogo a kan tebur, babu wanda ya taɓa su. "Mene ne a cikin littafin?"

"Rayuwata, Insifekta. Takardun bincike casa'in da shida na wallafa. Mu a aikinmu, ana auna mutum da yawan masanan da suka ambaci aikinsa a nasu. An ambace ni sau dubu uku, kusan rabi a kan takarda ɗaya, wadda na nuna sassaƙen wani itace yana saukar da hawan jini a jikin ɓeraye. Asalin lambobinta suna cikin littafin nan."

"Akwai wanda kake zargi?"

Farfesa ya gyaɗa kai. "Ɗalibata ce a da. Dakta Fauziyya. Hassada take min."

Kafin ya tafi, Musaddiq ya zaga bayan ɗakin. Fasassun gilashin duk a waje suka zube, ciki babu ko ɗaya. Ya rubuta a ɗan littafinsa.

A Maje ya sami Dakta Fauziyya, a sabon gidan da ko fenti ba a gama ba.

"Yaushe rabonki da gidan Farfesa?"

"An fi shekara, Yallaɓai."

"Mai shagon da ke kallon ƙofarsa ya ce ranar Talata wata jar mota ta tsaya can kusan awa biyu. Irin wadda na gani a ƙofarki."

Ta sunkuyar da kai. "Na je. Shi ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa."

"Me ya kai ki?"

"Shekara huɗu ina maimaita gwajinsa, ban taɓa samun abin da ya samu ba. Ɓerayena jininsu yana sauka, amma zuciyarsu tana lalacewa. Yanzu ga shi wata mai zuwa wani asibiti zai fara gwada maganin a jikin mutane, saboda wannan takarda. Shi ne na rubuta wa mujallar da ta buga ta. Sun ba shi kwana talatin ya aika musu da asalin lambobin. Na je in roƙe shi ya janye takardar da kansa, tun da mutuncinsa."

"Da littafin yana hannunki, ai da kin gama da shi."

"Da yana hannuna, da tuni na aika musu. Ni ɓatansa ba ya amfanata da komai. Mutumin nan shi ya koya min riƙe allura. Shi ya zama waliyyina ranar aurena."

Ita ta ba shi sunan Adebayo, wanda ya yi wa Farfesa aikin ɗakin gwaji shekara ashirin da biyu. Yanzu yana da ɗan kemis a Gauraka, bakin babban titi, tsakanin mai faci da mai sayar da abinci.

"Oga, na tsufa, ba na tuna komai," in ji Adebayo, yana ta jera kwalaye.

"Rubutun wa ke cikin littafi na bakwai?"

"Nawa ne."

"Ka tuna rubutunka, amma ka manta abin da ka rubuta? Baba, wata mai zuwa mutane za a ba wa maganin nan. Irin masu zuwa shagonka a auna musu jini."

Adebayo ya ajiye kwalin da ke hannunsa.

"Ɓera arba'in muka ba," ya ce. "Goma sha huɗu suka mutu a sati na uku. Na buɗe su da hannuna, zuciyar ta kumbura. Na rubuta da jan biro. Farfesa ya ce zafin ɗaki ne ya kashe su, lokacin babu wuta kwana da kwanaki. Ya ce a cire su daga lissafi, daga baya za mu sake gwajin. Takarda ta fita, aka fara gayyatarsa ƙasashen waje. Ba mu sake ba."

"Ka taɓa yi masa maganar?"

"Sau ɗaya. Ya ce min, Adebayo, gobe."

Musaddiq ya koma mota ya zauna, ya fi minti goma bai tayar da ita ba.

Da azahar ya isa gidan Farfesa, maigidan yana masallaci. Matarsa, Hajiya Mairama, ta shimfiɗa masa darduma a tsakar gida.

"Hajiya, da kika dawo jiya, kin lura da wani abu?"

"Babu, ɗana. Sai dai hayaƙi. Na iske Malam ya ƙona shara a bayan gida. Har na yi masa dariya, na ce shekara arba'in muna tare ban taɓa ganin ya ɗauki tsintsiya ba."

Ya nemi izini ya zaga. Ya sa kara ya tona tokar. A ƙasa ya sami ƙarfen zobe irin na bayan sauran littattafan, da guntun takarda da wuta ba ta cinye ba, da 'yan lambobi da jan biro.

Da Farfesa ya dawo, Musaddiq ya bi shi ɗakin karatu ya rufe ƙofa. Ya ajiye ƙarfen da guntun takardar a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, ɓarawo ba ya fasa taga daga ciki."

Farfesa ya zauna a hankali. Ya cire tabarau ya riƙe.

"Ka ga Adebayo?"

"Na gan shi."

"Wallahi lokacin na yarda zafi ne. Ko kuwa so nake in yarda, yanzu ban sani ba. Shekarar farko mutum tara suka ambaci takardar. Ta biyu, sittin. Kullum da safe sai na buɗe kwamfuta in ga ko lambar ta ƙaru, kamar mai duba shuka. Duk wanda ya ƙaru, sai faɗin gaskiya ya ƙara min nauyi. Ɗalibai sun yi digiri a kanta. Da ita aka ba ni farfesa."

"Ita kuma Fauziyya?"

Dattijon ya rufe ido. "Na yi tunanin in aka ce ana tuhumarta da sata, mujallar ba za ta ƙara saurarenta ba. Yarinyar da ta zo nan ta durƙusa tana kuka tana roƙona."

"Ka kawo rahoton ƙarya, ka yi wa mutum ƙage. Dole mu tafi ofis."

"Na sani. Ba ni minti goma."

Ya jawo kwamfutar ya rubuta wa mujallar layi biyar, ya karanta wa Musaddiq da babbar murya: ɓeraye goma sha huɗu sun mutu, shi ya ɓoye, a janye takardar, a sanar da asibitin. Ya aika. Ya dafa tebur ya miƙe.

Musaddiq bai fito da ankwa ba. Ya buɗe masa ƙofar gaba ta motar.

Suna shirin tashi Hajiya Mairama ta fito da sauri, mayafinta a hannu, ta miƙo wata 'yar leda ta taga. "Maganinsa na hawan jini. Safe da yamma yake sha, don Allah kada a bari ya tsallake."

Musaddiq ya karɓa ya duba. Ƙwayoyin asibiti ne, irin wanda kowa ke saye.

Farfesa ya ga inda idonsa ya tsaya.

"Shekara goma sha ɗaya ina fama da shi," ya ce. "Nawa na sassaƙen kuwa ban taɓa sha ba, ko sau ɗaya."

Musaddiq ya sa ledar a aljihu, ya tayar da mota.