Hannun Robar da Ya Amsa

Bokrye, ƙawata, matso kusa. Wannan maganar ko a haikali ban faɗa ba.

Kin san Dasom ɗita tana koyon aikin motar asibiti a nan garinmu Mokpo na bakin teku. Saura sati ɗaya jarrabawar allura, sai ta aro hannun roba daga makaranta. Daga kafaɗa ne zuwa yatsu, da jijiyoyi, da wata leda ta jan ruwa da ake ratayewa. In allura ta shiga daidai, jan ya leƙo.

Na miƙa mata nawa hannun. Ta yi dariya.

"Haba Mama, hannun da aikin ɓare kawar teku ya cinye? Ai sai allurar ta lanƙwashe. Kuma an hana mu."

Maganar ta zauna min a ƙirji.

Malamansu sun ce a riƙa yi wa robar magana kamar majinyaci. Kin san kuma duk tsohuwar da suka ɗauka a motar, Mama suke ce mata. To, kullum daga ɗakin saman bene ina jiyowa:

"Mama, kar ki ji tsoro. Mama, ɗan zafi ne kaɗan. Sannu, Mama."

Da wata murya mai taushi. Ni da na haife ta, na koyi karatu da tsofaffin littattafanta don na riƙa karanta saƙonninta, rabona da wannan muryar tun tana firamare. Tawa "Mama" ɗin ita ce "Mama, ina safata?" Na ja carbi, na roƙi a cire min abin. Ina kishi da roba, Bokrye! Har goge ta take yi da tawul ɗin fuskarta.

Ranar Alhamis da faɗuwar rana na hau bene kwashe barkonon da na shanya. A ƙasa na wuce ledar jan ruwan, Dasom ta wanke ta kife a kan famfo. Na gan ta da idona.

Sama shiru. Ko kukan tsuntsayen teku babu. Sai warin barasar goge fata, da wani ƙarni kamar na mayanka.

Tas, tas. Yatsu biyu suna buga jijiya.

"Mama, miƙo hannun."

"Na'am, 'yata."

Da muryata aka amsa. Ni kuwa bakina a rufe yake.

Na tura ƙofa. Dasom na durƙushe, fuska fara fat, ido ba ƙiftawa. Allurai sun fi talatin a faranti. Kowace da ja a ciki. Ba leda.

Yatsun robar kuma sun naɗe wuyan hannunta. Babban yatsan yana shafa ta, a hankali.

"Dasom," na ce.

Ta juyo. Ta dube ni sama da ƙasa, cikin ladabi.

"Baiwar Allah, wa kike nema? Ina duba mahaifiyata."

Tsoro ya kamata ya kayar da ni. Ba shi ya zo ba, kishi ne. Wata tara na ɗauki cikinta, ita wannan robar mai lambar makaranta a kafaɗa me ta ɗauka?

Ta ɗaga sabuwar allura.

Na durƙusa, na ɗora hannuna a kan robar. Sanyi kamar kifin ƙanƙara. Na ji ta motsa a ƙarƙashina.

"Ɗaga," aka raɗa min a kunne. "Ni take kira."

Na danna da ƙarfina duka.

Allurar ta shige ni. Na kurma ihu.

"Wayyo! Ke 'yar banza, haka ake huda mutum? Ko kifi kika samu?"

Dasom ta ƙifta ido. Ta dubi jinina yana hawa, ta dube ni.

"Mama? Mama! Me ya kai hannunki nan?"

Da muryar neman safa. Ban taɓa jin abu mai daɗinta ba.

Yatsun suka saki, ɗaya bayan ɗaya.

Da safe na naɗe robar a buhun shinkafa da gishiri, na mayar makaranta da kaina. Dasom ta ci jarrabawa. Ba ta tuna komai, sai dai yanzu majinyata da sunansu take kiran su, ta ce ita ma ba ta san dalili ba. Tabon ga shi nan, shekara guda bai goge ba.

Shi ya sa kika ga ina yar da wuƙar ɓare kawa ina gudu da zarar ta ce Mama. Sau ɗaya na yi jinkiri, ina wanka. Aka riga ni amsawa.

Ki rufa min asiri, Bokrye. Ko mijinki kar ya ji, balle ita.