Babin da Malam Ya Ƙi Koyarwa

"Malam, ina da tambaya!"

Ban ɗago ba na san Mai Gilashi ce. Ita kaɗai ce a ajin lesin ɗinmu take ɗaga hannu kamar za ta kamo fanka.

Malam ya ajiye haƙoran robar da yake nuna mana. "Ina jin ki."

"Mun yi zuciya, mun yi ƙoda, mun haddace haƙoran manya da na yara har muna mafarkinsu. Babin gadon halitta fa? Kullum sai ka ce wani satin, ga jarrabawa ta zo bakin ƙofa."

Ba na son yarinyar nan, amma gaskiya ta faɗa. Bara bayoloji ne ya kayar da ni a jarrabawar shiga makarantar likitan haƙori, babin nan kuwa ko sunansa ba na son ji.

"Ku karanta a gida, ba shi da wuya," in ji Malam.

"To guda ɗaya kawai. Idan namiji AS ne..." Ta juyo ta leƙo ni ta saman gilashinta. "Ya ce sai mace AS, irin wadda ƙanwarta ke fama da sikila, me za su haifa? Ko tambayar ta zo kusa da gida ne, Malam?"

Duk ajin suka juyo suna kallona.

Kowa ya san abin da ke tsakanina da Malam, don har gida ya je ya gaida Mama. Kowa kuma ya san Autarmu, saboda sau nawa nake barin darasi in ruga asibiti. Na dube shi ina jiran ya yi dariya, ya ce ƙarya take yi.

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Mu tashi, sai gobe."

A matattakalar bene na tare shi, jakata na zamewa daga kafaɗa.

"Gaskiya ne?"

"Wushirya..."

"Kar ka kira ni da wannan sunan yanzu! Gaskiya ne?"

Ya jingina da bango. "Gaskiya ne. Na yi gwajin tun bayan da na je gidanku. Ashe yayar Mai Gilashi ce ke aiki a wurin, ban sani ba."

"Ni fa tun ranar farko na gaya maka ni AS ce!"

"Shi ya sa na kasa buɗe babin. Ta yaya zan tsaya gaban allo in zana mu, kina zaune kina kwafa? Na so ki gama jarrabawar tukuna, rabin raina..."

Ban tsaya jin sauran ba. A ƙasan bene na iske Mai Gilashi tana goge gilashinta da gefen mayafi, har da ce min, "Allah ya ba da sa'ar karatu." Ta jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: kujerar makarantar take so, Malam ɗin ma take so. Da ba don mutane ba, da na samar mata aikin zuwa wurin likitan haƙori tun kafin ta zama shi.

A gida na rufe ɗaki, na buɗe babin da kaina. Na zana murabba'in nan mai gida huɗu, na sa harufansa a sama, nawa a gefe. Gidan farko AA. Na biyu da na uku AS. Na huɗu SS.

Ɗaya cikin huɗu.

Na zuba wa takardar ido, sai wani abu ya faɗo min. Mu huɗu Mama ta haifa. Yayyena maza biyu lafiyarsu lau, ni ma haka. Auta ce ta huɗu, ita ce ciwon ya kama! Ashe lissafin a gidanmu yake ban lura ba. In haka ne ai da sauƙi, mu haifi uku mu tsaya. Na rungume littafin ina dariya ina hawaye, kamar wadda aka ba kyautar duniya.

Sai dai labari ya riga ni zuwa falo. Mai Gilashi ta san lambar Mama.

"Ba da yawuna ba," Mama ta ce tun kafin in zauna. Tana durƙushe tana gasa wa Auta ƙafa da tawul mai ɗumi, don tun safe ƙashinta ke sara. "Ni da babanku ba mu sani ba, jahilci ya ci mu. Ke da kika sani fa?"

"Mama ki saurare ni, akwai hanya. Na huɗu ne yake ɗauka! Ki duba mu mana!"

Hannunta ya tsaya a kan tawul ɗin.

"Wa ya gaya miki?"

"A littafi yake. Uku kawai za mu haifa, wallahi Mama, uku!"

Ta daɗe tana kallona. Na san tana son Malam, ita da bakinta ta ce tun da ya shigo rayuwata na daina jifa da littattafai.

"Ni ban yi wannan karatun ba," ta ce a hankali. "Shi ne malamin. Ki kira shi. In ya dubi idona ya ce haka ne, zan sake tunani."

Kafin ya iso na leƙa taga ya fi a ƙirga. Na kira shi a hanya na zayyana masa komai, na ce, "Kalma ɗaya za ka faɗa, masoyi. Ka ce mata haka ne." Ya ce ga shi nan zuwa, ya kashe wayar.

Da yamma ya yi sallama, ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Auta na kwance a doguwar kujera, ta ɗaga masa yatsu biyu, gaisuwarsu ke nan.

"Yaya Malam, yau ba ka kawo min cingam ba."

"Likitar gidanku ta hana, wai yana ɓata haƙori."

Ta fara dariya, sai ciwon ya katse ta. Ta cusa fuska a matashi don kada mu ji, amma mun ji.

Na tura masa takardata. "Gaya wa Mama."

Ya dubi zanena. Ya dubi Auta. Ya miƙo min hannu.

"Ba ni biro," ya ce.

"Ba sai ka rubuta ba, kawai ka ce..."

"Wushirya, ba haka ba ne."

"Malam!"

"Ba haka ba ne. Waɗannan gidajen ba layin 'ya'ya ba ne, ba na fari da na biyu da na uku ba." Ya gyara murya, ya koma irin wadda yake yi a gaban allo. "Kowane ciki sabon zane ne. Duk lokacin da aka samu ciki, gida huɗun nan suna nan, kuma ba mu ke zaɓa ba. Yana iya zama na fari. Yana iya zama duka ukun da kike faɗa. Yana iya ƙin zuwa sam. Na gidanku dacewa ce kawai."

"Ka yi shiru don Allah..."

"In kika rubuta abin da kika faɗa a jarrabawa, sun kayar da ke. In na bar ki a kai, ni na kayar da ke." Ya juya wurin Mama, kansa a ƙasa. "Mama, ba ni da tabbacin da zan ba ki. Ki yafe min ɓoyewar da na yi."

Na fizge takardar na dunƙule ta. "Kalma ɗaya na roƙe ka! Ashe ba ka so na!"

"Da ba na son ki da na faɗe ta. Tun da kika kira ni nake maimaita ta a bakina, har na zo ƙofar nan da niyyar faɗa."

Mama ta share ido da bayan hannu. "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Allah ya ba ka wadda ta dace da jininka."

Wannan addu'ar ta fi zagi yi min ciwo.

Na zaci tashi zai yi. Sai ya jawo littafina, ya buɗe babin daga shafin farko.

"Zauna. Ina da bashin darasi a kaina."

Na zauna. Ya koya min babin tas, tun daga gwajin gado a tsirran wake har rukunin jini da makantar launi. Ina rubutu hawaye na jiƙa takardar, shi kuma bai ɗago ya dube ni ba ko sau ɗaya. In na yi kuskure sai ya ƙwanƙwasa biro a gefen littafi kamar kullum, ya ce, "Sake." Bai tafi ba sai da na amsa kowace tambaya daidai.

Ranar jarrabawa na shiga da zazzaɓi. Mai Gilashi na layin gabana, ko inda take ban kalla ba. Na bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, haƙori, jijiya, narkewar abinci, har na juya shafin ƙarshe. Ga ta nan: iyaye biyu AS, 'ya'yansu uku na farko lafiya, mene ne yiwuwar na gaba ya zo da sikila? Na kifa kaina a tebur har mai sa ido ta zo ta tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya, na ɗauki fensir.

Da na fito yana tsaye can nesa da ƙofa, cikin iyayen da suka zo ɗaukar 'ya'yansu. Ya rame.

"Babin ya fito?"

"Ya fito."

"Me kika zaɓa?"

"Ɗaya cikin huɗu. Ko da na nawa ne."

Ya gyaɗa kai, ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Kin ci, in sha Allahu."

"Na sani. Da ma faɗuwa na yi..."

"A'a. Akwai bakuna da yawa da ke jiran ki." Ya kau da kai, ya dubi titi. "Na bar wurin lesin ɗin. Ba zan iya shiga ajin nan ba kuma."

Na so in ce ya tsaya, na so in ce mu rufe ido mu bar wa Allah. Amma ya riga ya koya min, kuma abin da na gane ba ya komawa. Ya ce in gaida Auta, ya tsallaka titi, na tsaya har motoci suka rufe shi.

Sunana ya fito cikin waɗanda aka ɗauka. Bayoloji ne makina mafi yawa. Mama ta ce in kira malamina in yi masa godiya, na riƙe wayar har ta yi zafi a hannuna, sannan na ce mata ita ta kira shi, ni ba zan iya jin muryarsa ba.