Gangarar Siminti da Sharaɗi na Tara

Shekara biyu Auta tana shirya wa Baba takardun haya a intanet, ba ta taɓa ganin wanda ya karanta su ba sai ranar da Mai Tabarau ya shigo ofishinsu. Ofishin ɗaki ɗaya ne a ƙasan benen Baba, da tebur, da firinta, da makullai rataye a ƙusa. Kowa in ya zo, hannu yake sawa a waya ya karɓi makulli. Shi kuwa kujera ya ja, ya bi shafi huɗun nan layi-layi.

"Malam, jarrabawa za a yi maka a kai?" ta ce.

Ya ɗago yana murmushi. "Sharaɗi na tara ya hana taɓa gini. Umma a keken guragu take, ƙofar gidan kuma matakala uku ce. Ina so in zuba gangara ta siminti."

Nan take ta buɗe takardar a shafin intanet, ta goge layin, ta rubuta izinin gangarar. Ta karanta wa Baba, yana kan waya yana "to, to", ya ja yatsa ya sa hannu.

"Kina matse ido, Lauya," in ji Mai Tabarau da zai fita. "Ki leƙo shagona na tabarau in gwada miki idon."

Sai da ta ja aji wata biyu. Kafin nan saƙonni sun yi nisa.

"Lauyata, Umma ta fita shan iska da kanta yau. Ta ce in gaishe da mai gyara sharaɗi."

"Ina amsawa. Kai fa, ba gaisuwa?"

"Tawa ba ta shiga waya. Sai na zo."

Da ya aiko manyansa, Baba ko zama bai bari sun gyara ba. "Ɗan haya? Mutumin da ƙofar da yake rufewa ma tawa ce?"

Wanda ya fi kowa jin daɗin wannan magana shi ne Dillali, ɗan ƙanwar Baba, mai nemo masa 'yan haya. Ya daɗe yana zagaya Auta, tana ce masa Yaya don ya san matsayinsa.

Bayan mako biyu saƙon Mai Tabarau ya shigo mata da hantsi.

"An ba mu kwana bakwai mu tashi, wai na taɓa gini ba izini. Takardar da aka kawo babu maganar gangara, a ƙasanta kuma an rubuta daga asusunki aka gyara. Da cewa kika yi kin fasa, da na fahimta. Me Umma ta yi miki?"

Ta karanta sau biyu, kunnuwanta suka ɗau zafi. Ta ja kwamfuta ta buɗe tarihin takardar, inda shafin ke rubuta duk wanda ya taɓa ko da waƙafi ne. Ga shi nan: ranar Talata, sha ɗaya da kwata na safe, da asusunta, daga wata wayar da ba tata ba. Mutum ɗaya ta taɓa ba lambar sirrinta, don ya riƙa saka hotunan gidajen da babu kowa.

Shagon ta fara nufa. Yana goge gilashi, ya ƙi ɗagowa.

"Ranar Talata da sha ɗaya ina ina?"

"Ni zan sani?"

"Duba littafinka na masu zuwa awon ido."

Ya duba, hannunsa ya tsaya cak.

"A kujerar nan nake," ta ce. "Kai da hannunka ka ɗiga mini maganin buɗe ido. Awa huɗu ko sunan mai kirana ba na iya karantawa, kai ka riƙa amsa mini waya. Da wane idon na gyara takarda?"

"Lauyata..."

"Kar ka ƙara kirana haka. Shafi huɗu ka zauna ka karanta kafin ka yarda da gida. Ni ko tambaya ɗaya ban samu ba."

Ta juya ta bar shi riƙe da tsumma.

A falo ta sami Baba, Dillali na gefensa yana zuba masa ruwa a kofi.

"Kawu, ai ga ta," in ji Dillali. "Na faɗa maka, wadda ɗan hayan yake nunawa a waya kowa ma zai iya ƙirƙira. Takarda ita ce shaida."

"Gaskiyarka, Yaya. Miƙo takardar."

Ta ɗaga kusurwar. Hujin sitefila huɗu ne maimakon biyu.

"Baba, sa tabarau ka duba lambar da ke ƙasan kowane shafi. Ukun farko lambarsu ɗaya, na huɗun mai sa hannu lambarsa daban. In an sa hannu, shafin intanet ɗin kulle takarda yake yi. Mai son gyara sai dai a buɗe masa sabuwa wadda ba hannun kowa. Yaya bai san haka ba. Da ya buga ya ga babu sa hannu, sai ya ɓalle shafin ƙarshe na tsohuwar ya manna."

"Sharri ne, Kawu. Soyayya ce ta rufe mata ido."

"To ajiye wayarka a tebur. Shafin ya rubuta irin wayar da aka yi aikin da ita."

Dillali ya dafe aljihu.

Baba ya dube shi. "Da sunana ka sa na kori mace gurguwa? Shekara talatin ina ba da haya, ban taɓa cin amanar takarda ba." Ya miƙa hannu. "Makullaina."

Aka zube su a tebur ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya juyo kan Auta. "Ke kuma wa ya ba da izinin gangarar?"

"Kai, Baba. Kana waya."

Ya yi gyaran murya, ya nemi hularsa.

Da kansa ya je ya ba Umma haƙuri. Ya tarar da rabin kaya a kwali, Mai Tabarau kuma ya durƙusa yana shafa mata mai a ƙafa. Ya tambaye shi dalilin da bai kai ƙara ba, tunda gaskiya na hannunsa.

"Ba zan tsaya da mahaifinta a gaban alƙali ba, Baba. Gara in tashi."

Baba ya dawo gida. Washegari ya ce a faɗa wa yaron ya sake turo manyansa.

Auta ce ta rage. Kwana tara saƙonni na shigowa tana karantawa tana ajiyewa.

"Na yi laifi, ba ni da hujja. Ki hukunta ni yadda kike so, amma ki yi a kusa."

A na goman ta rubuta: "Gilashina ya sassauta. Zan zo gyara ne kawai."

Wata uku bayan haka aka ɗaura aure. Da aka kai ta, Umma ta kama hannayensu biyu ta haɗa a cinyarta. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya raba ku da masu shiga tsakani. Kai kuma, in ka ƙara zarginta, ni za ka gani."

Baba ya ce amin har sau uku, yana goge ido da gefen hula.

Da aka watse, Auta ta dube shi ta ƙasan mayafi. "Ban gama hucewa ba fa."

"Na sani, Lauyata," ya ce, ya matso kusa. "Kar ki yi sauri. Ina nan."