Jan Kaki a Bayan Kwamfuta

Ranar Talata da hantsi, ana yayyafi, Madam Aaltje Dijkhuis ta kai ƙara ofishin 'yan sanda na Groningen. An sace sirrin sabon irin dankalin kamfaninta, wanda ruɓa ba ta kama shi. Wani kamfani ma ya riga ya buga hotonsa.

Da Sufeto Tjeerd Wiersma ya isa kamfanin, ya tarar da ita a ƙofar ɗakin sirrin, tana nuna wani dattijo da sandarta.

"Ga ɓarawon nan. Sjoerd Boonstra. Shi ya haɗa kwamfutar, ya rantse mini ko ƙuda ba zai fita da labari daga cikinta ba."

"Ke dai bakinki ya fi ƙwaƙwalwarki sauri," in ji Sjoerd. "Shekara talatin ina gyara a garin nan, yau kin sa kowa ya kwashe kayansa daga shagona."

"Ya isa," in ji Sufeto. "Wa ke da makullin ɗakin?"

"Ni, da wannan tsohon banza, da Harm Veldkamp mai haɗa mana iri."

Kwamfutar ba ta da waya ko ɗaya sai ta wuta. Ramukan da ake soka abin kwafa duk an toshe su da gam.

"Na ce a sayo babban allon cikin kwamfuta wanda ba ya magana da iska," in ji Sjoerd. "Aka ƙi ji, aka kawo mai waifai a jikinsa. Sai na kashe shi daga saiti, na cire eriya, na ɗiga jan kakin da ake lulluɓe cuku da shi a mazauninta, na danna babban yatsana a kai. Haka nake yi wa kowa."

Ya miƙa yatsan. Tsohon tabo ya raba shi biyu kamar ƙwayar kofi.

Sufeto ya durƙusa, ya haska bayan akwatin kwamfutar. Kakin yana nan, ja wur, sumul, babu sawun yatsa. Wani ya ɓare na farko, ya ɗiga sabo.

Ya sami Harm Veldkamp a rumfar gilashin da ake renon dankali yana feshin magani, dogo, mai jan gemu.

"Ka taɓa kwamfutar nan?"

"Ni manomi ne, Yallaɓai. Ko kunna ta ban iya ba."

"Wa ya sayo allon?"

"Ni aka aika. Shi kaɗai ya rage a kanti."

"Mai kantin ya ce iri huɗu gare shi marasa waifai, ka ƙi su."

"To ku kama mai kantin, maƙaryaci ne."

A kan tagar rumfar wata baƙar tattabara ce zaune, da zobe a ƙafa, tana kallon ruwan sama kamar mai jiran wasiƙa.

"Taka ce?"

"Griet ke nan. Sau uku tana cin tseren tattabaru. Akwai dokar da ta hana?"

Bayan cin abincin rana Sufeto ya tara su ukun a ɗakin, ya sa Sjoerd ya kunna waifai ɗin.

"Abin da mutane ba su sani ba," in ji Sjoerd, "ko ka sake kashe shi, ba ya manta wanda ya yi hira da shi."

Suna ɗaya ne ya fito a fuskar kwamfutar, sunan wayar da aka taɓa haɗawa da ita: Griet.

"Kawo wayarka, Veldkamp."

Harm bai motsa ba.

"Shekara goma sha ɗaya ina durƙushe a laka kan dankalin nan," ya ce. "A ƙasar nan wanda ya haɗa iri shi ke raɗa masa suna. Na ce a sa na mahaifiyata. Matar nan ta sa na karenta! Wancan kamfanin ya yi mini alkawarin sa sunan mahaifiyata."

"Munafuki! Karen ya fi ka amana," in ji Madam Dijkhuis.

Aka sa masa ankwa. A bakin ƙofa ya waiwayo, ya roƙi Sufeto a riƙa ba tattabarar hatsi.

Madam ta yi gyaran murya, ba ta dubi Sjoerd ba.

"To, sai ka sake toshe mini abin."

Sjoerd ya ɗauki jakarsa.

"Ki fara zuwa shagona, ki tsaya a ƙofa, ki faɗa da ƙarfin da kika ce mini ɓarawo. Ina buɗewa ƙarfe tara."